Ɗan kwangila ya riƙe mini cikon Naira miliyan 6.3: damfara ce ko bashi?

Assalamu alaikum. Ni mai walda ne, shagona yana Panteka a nan Kaduna. Wani Alhaji ɗan kwangila ya samu aikin gina rukunin gidaje a wajen Millennium City, sai ya yanka mini ɓangaren ƙarfe: ƙofa 46, taga 92 da baglarinsu, da babban get guda. Mun yi ciniki a kan Naira miliyan 11.8. Ba mu rubuta yarjejeniya ba, na dai tura masa farashi ta WhatsApp, ya amsa da "na amince, a fara." Ya ba ni kafin alƙalami miliyan 4, daga baya ya ƙara miliyan 1.5. Na gama aiki na kafa komai, yau wata takwas ke nan cikon miliyan 6.3 ya gagara. Kullum maganarsa mai gidajen bai biya shi ba, amma wani da ke aiki a wurin ya tsegunta mini cewa an biya shi tuni. Sati tara da suka wuce ya ba ni cekin miliyan 2 mai kwanan watan ranar, ya ce kada in kai banki sai ya kira ni, kuma har yau bai kira ba. Sau biyu na taɓa yi masa aiki ya biya ni lafiya lau. Yanzu mai ƙarfen da na ɗebi kaya a wurinsa yana bi na miliyan 3.9, har ya ce zai kai ni wurin 'yan sanda. Surukina ya ce wannan damfara ce, in tafi EFCC. Wani kuma ya ce ya san wanda zai sa a ɗauko Alhajin a tsare har sai ya biya, a ba su kashi 10 cikin 100. Don Allah wanne zan bi?

Mai walda, Panteka

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya warware maka. Abin da ka bayyana bashi ne. Bashi ne mai ciwo, wanda zai iya durƙusar da shago, amma dai bashi. Abu ɗaya ne a cikin labarinka zai iya zama laifin da hukuma ke kama mutum a kansa, wato cekin nan da ke aljihunka, kuma shi ma lokacinsa ya kusa ƙurewa. Mutumin kashi 10 kuwa, ka rabu da shi tun bai jawo maka biyan diyya ga wanda kake bi bashi ba.

Surukinka bai yi ƙarya ba idan a bakin kasuwa ake magana, domin a can duk wanda ya ci gumin wani ɗan damfara ne. A addini ma hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Sai dai ba kowane zalunci ne doka ta mayar laifin ɗauri ba. Tambayar da alƙalin laifi zai yi ita ce: ranar da aka ƙulla ciniki, me ke zuciyar mutumin? Idan tun ran gini ran zane ya ƙudurta ba zai biya ba, ya shirya maka ƙarya don ka saki kayanka ko guminka, kai kuma ka saki saboda wannan ƙaryar, to an yi damfara. Idan kuwa ya shiga da niyyar biya, daga baya abin ya cije masa, ko son zuciya ya shige shi ya juya kuɗin zuwa wani aiki, to ya saɓa yarjejeniya ne, kuma maganinsa ƙarar neman haƙƙi. A tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Penal Code, sashe na 320 ne ya yi bayanin yaudara, na 311 kuma cin amana. Jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017, lambobin sassan sun sauya, amma ma'aunin yana nan. (Lambar 419 da kowa ya sani daga kundin Kudu ta fito.) Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya, wadda EFCC ta fi gurfanar da mutane da ita, hukuncinta ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Dukkansu suna neman a nuna ƙaryar da ta riga sakin kaya.

Tun da ba a buɗe zuciya a gani, alamu ake bi. Da a ce aikin babu shi sam, takardar ba da kwangilar da ya nuna maka ta jabu ce. Ko kamfanin da ya ambata ba shi da rajista, ko na wani ne ya ara suna. Ko ya raba aiki ɗaya ga masu walda uku kowa ya kawo ƙofofi. Ko ƙofofin ba su taɓa isa wurin gini ba, an karkatar da su kasuwa an sayar. Ko ya karɓi "kuɗin fom" a hannunka ya kashe waya ya tashi daga ofis, da mun ce maka maza ka rubuta koke. Yanzu dubi naka. Gidajen suna nan tsaye, ƙofofinka na jikinsu. Ya biya miliyan 5.5 cikin 11.8, kusan rabi. Ya taɓa biyan ka sau biyu. Yana ɗaukar waya, bai musa bashin ba, har ceki ya rubuta. Duk lauyan da ya tsaya masa waɗannan zai jera wa alƙali, kuma a shari'ar laifi sai an tabbatar da zargi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba.

Za ka ce, to ƙaryar da yake yi cewa ba a biya shi ba fa? Mu ɗauka ma ta tabbata ƙarya ce. Yaushe ya fara yin ta? Bayan ka gama aiki ka kafa. Ba ita ta sa ka saki ƙofofinka ba, don haka da wuya ta mayar da cinikin farko damfara. Inda kiɗa zai canza shi ne idan a tsakiyar aiki ka tsaya ka ce ba za ka kawo sauran tagogi ba sai ka ga kuɗi, shi kuma ya turo maka alat na bogi, ko ya nuna maka takardar amincewa da biya wadda ya ƙirƙira da hannunsa, sai ka saki kaya. Wannan kason da ka saki saboda takardar jabu yana iya zama damfara, takardar kanta kuma laifi ce daban. Ka koma cikin wayarka ka bi saƙonnin da kwanan watansu, ka ga ko akwai irin wannan. Idan babu, kada ka ƙirƙiro, domin ba wa hukuma labarin ƙarya shi ma laifi ne.

Cin amana shi ne wurin da ƙananan 'yan kwangila suka fi ruɗewa, kuma muna ganin dalilin ruɗun. A ranka kana cewa, a cikin kuɗin da mai gidajen ya biya akwai kuɗin ƙofofina, ke nan Alhaji ya ci amanata. A doka ba haka lissafin yake ba. Kuɗin da mai gidaje ya biya ɗan kwangila a kan kwangilarsu na ɗan kwangila ne, ko da kuwa da guminka aka same su. Kai bashi kake bin sa, ba ajiya ka ba shi ba. Cin amana yana buƙatar a danƙa wa mutum dukiya domin wata manufa takamaimiya, shi kuma ya karkatar da ita da gangan. Misali, mai gidajen ya ware miliyan 6.3 ya ce a rubuce, "wannan na mai walda ne, ka miƙa masa." Ko ku biyu kuka haɗa hannu kuka karɓi aikin, shi ya karɓo kuɗin a madadinku. Ko ka bar janareta da injin walda a hannunsa a wurin aiki ya sayar. Wannan takobin yana da kaifi biyu, ka lura: da shi ne ya sayo fayif da rodi ya ba ka ka ƙera masa ƙofofi, kai kuma ka sayar da wani ɓangare don ka rage hasara, kai za a tuhuma.

A nan Kaduna aka yi wata shari'a da ya kamata duk mai tunanin kai bashi caji ofis ya san ta. An biya wani mutum Naira miliyan 3.5 domin ya samo ɗan raƙumin dawa, dabbar ba ta iso ba, aka kai shi wurin 'yan sanda, aka gurfanar da shi gaban majistare da tuhumar yaudara da cin amana, aka same shi da laifi. Ya yi ta ɗaukaka ƙara har maganar ta kai Kotun Ƙoli. A 2020 Kotun Ƙoli, a shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda, ta rushe hukuncin, ta ce magana ce ta yarjejeniyar da ba a cika ba, kuma 'yan sanda ba su da hurumi a cikinta. Kafin nan, a 2018, a shari'ar bankin Diamond da Opara, kotun ta faɗa wa EFCC cewa ita ba hukumar karɓo bashi ba ce. Majalisa ma ta rubuta shi ƙarara: sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin haƙƙi, haka ma sashe na 8(2) na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015.

Ga yadda hanyar mutumin kashi 10 ta saba ƙarewa. A ɗauko Alhaji ranar Juma'a da yamma, ya kwana biyu ko uku, ya sa hannu a takardar alkawari, 'yan'uwansa su haɗo dubu ɗari biyar. A cire kason masu aiki, a miƙa maka saura. Ranar Litinin lauyansa ya shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam, ya haɗa 'yan sanda da kai. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya ya bar hukuma ta yi aikinta ba a cika ɗora masa laifi ba, amma wanda ya san bashi ne, ya biya kuɗin mai, ya nuna gida, ya tsaya a kan sai an tsare, kotuna suna sa shi biya. Yarjejeniyar kashi 10 ita ce shaidar da za ta ɗaure ka. Takardar alkawarin da aka sa hannu a bayan kanta kuwa, cewa zai yi tilasta masa aka yi. Wata hasarar da ba a lissafawa: idan labari ya kai kunnen mai gidajen ya kori Alhaji daga aikin, rijiyar da za a ɗebo a biya ka ce ta ƙafe.

Yanzu ceki, kuma wannan ka fara da shi a satin nan. Dokar cekin da ya dawo ta 1977 ta ce wanda ya ba da ceki, aka kai banki cikin wata uku daga kwanan watan da ke jikinsa, ya dawo saboda babu kuɗi ko kuɗin ba su kai ba, ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Dokar ta haɗa har da cekin da aka bayar don biyan bashin da ya samo asali daga yarjejeniya, irin naka. Idan cekin kamfani ne, daraktan da aka yi abin da saninsa ba ya tsira. Sati tara sun tafi, saura kamar huɗu. Idan ka bari wata ukun suka cika, wannan ƙofar ta rufe, bayan wata shida kuma banki ma ba zai karɓi cekin ba. Wataƙila "sai na kira ka" ɗin nan ba banza ba.

Kada ka kai shi a ɓoye. Ka tura masa saƙo a rubuce, cikin ladabi, cewa ranar kaza, kwana bakwai daga yau, za ka shigar da ceki mai lamba kaza, ya tanadi kuɗi. Ka ɗauki hoton cekin gaba da baya, sannan ka shigar da shi ta asusunka domin tarihin ya zauna a takardun banki. Idan ya wuce, alhamdu lillahi, saura miliyan 4.3. Idan ya dawo, ka karɓi takardar da ke nuna dalili. Dalilin yana da muhimmanci: rashin kuɗi ne dokar ta ambata, ba saɓanin sa hannu ko kuskuren rubutu ba. Bankuna sukan rubuta a taƙaice cewa a koma wa mai ceki, sai masu bincike su nemi bayanan asusunsa na ranar su ga abin da ke ciki. Ka sani kuma yana da kariya idan ya nuna cewa lokacin da ya rubuta yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya, kuma tabbas zai ce ai ya gaya maka ka jira. Saƙon gargaɗin da ka tura shi zai rage wa wannan hujjar ƙarfi, ko da yake ba zai kashe ta gaba ɗaya ba. Idan ka kai koke a kan ceki, ka tsaya a kan cekin miliyan 2 kawai, kada ka cusa sauran bashin a ciki. Shari'ar laifi da ƙarar neman haƙƙi suna iya tafiya tare, ba sai ɗaya ta jira ɗaya ba. Ko da ba a kai ga tuhuma ba, cekin da ya dawo shaida ce mai nauyi cewa ya amsa bashin.

Sauran aikin na takarda ne, kuma nan ne mai sana'ar hannu ya fi yin sakaci. Rashin rubutacciyar yarjejeniya bai kashe maganarka ba. Farashin da ka tura da amsarsa ta "na amince, a fara" yarjejeniya ce. Ka kiyaye wayar nan kamar idonka, kada ka sayar, kada ka goge komai, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da aka ciro saƙon daga cikinta kafin kotu ta karɓa. Saƙonnin murya na Hausa sai an rubuta su an fassara, tun da Babbar Kotu da Turanci take aiki. Ka ciro bayanan asusunka da ke nuna shigowar miliyan 4 da miliyan 1.5, da rasit ɗin ƙarfe, da takardun kai kaya idan mai gadi ko injiniya ya sa hannu, da hotunan ƙofofi a kafe. Ka shirya wa abin da zai faɗa, domin wanda ba ya son biya ba ya rasa aibin da zai gano bayan wata takwas: zai ce an yi ciniki a kan falle mai kaurin milimita 1.5 ka sa 1.2, ko ka makara, ko get yana gogar ƙasa. Idan injiniyan aikin zai rubuta maka layi biyu cewa an karɓi aiki ba gyara, ya fi maka shaidu goma na baki.

Sai ka zauna da Alhaji a yi lissafi a takarda ɗaya: jimlar aiki, abin da aka biya da ranakunsa, abin da ya rage, ya sa hannu da kwanan wata a gaban shaidu biyu. Ayar bashi a Suratul Baƙara abin da ta yi umarni da shi ke nan, don haka ba abin jin nauyi ba ne. Idan ya ƙi zama, ka tura masa lissafin ta waya ka ce, "Alhaji, haka ne ko akwai gyara?" Amsar "haka ne, ka ƙara haƙuri" ta wadatar. Amfanin wannan biyu ne. Yana toshe musu, kuma yana sabunta lokaci, domin bashi yana da wa'adin da idan ya wuce kotu ba za ta saurare shi ba, shekara 5 a wasu jihohi, 6 a wasu. Ka yi lissafinka da 5.

Ka kuma tantance wa kake bi. Duba sunan da ke jikin cekin da wanda ya fito a alat. Idan kamfani ne mai "Limited" a ƙarshen sunansa, a doka shi mutum ne daban da Alhaji, kamfanin za a yi ƙara, kuma dukiyar kamfanin za a kama, ba gidan Alhaji ba, sai fa idan ya tsaya wa bashin da kansa a rubuce. Idan sunan kasuwanci ne kawai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne. Binciken suna a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kyauta ne. An sha yin watsi da ƙara mai kyau saboda an rubuta sunan da ba shi ba. Saboda haka idan za a sa hannu a takardar lissafin nan, ka nemi a ƙara layi ɗaya cewa Alhaji da kansa ya lamunce biya.

Mai gidajen fa? Ba ka da yarjejeniya da shi, don haka ba za ka iya ƙararsa a kan cikonka ba. Kuma kada ka kuskura ka je da yara ku ɓalle ƙofofin. Sun zama jikin gini, za a tuhume ku da shiga wurin wani ba izini da ɓarna, wanda ake bi bashi ya koma mai ƙara. Amma ba a hana ka rubuta masa wasiƙa ta girmamawa ba, ka sanar da shi cewa kai ka yi aikin ƙarfe, ana riƙe maka kaza, kana roƙon a duba kafin biyan ƙarshe. A aikin gini an saba riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har wa'adin gyare-gyare ya wuce. Idan da saura a hannunsa, mafita mafi sauri ita ce takarda ta mutum uku: Alhaji ya ba da izini a rubuce a biya ka kai tsaye daga abin da ya rage masa. Amsar wasiƙar kuma ita za ta gaya maka ko tsegumin da ka ji gaskiya ne, domin "wani ya ce mini" ba ya zama shaida. Ka duba kuma ko maganar "sai an biya ni zan biya ka" tana cikin sharaɗin farko. Idan daga baya ya ɓullo da ita, ba ta ɗaure ka ba. Idan tun farko ka yarda da ita, to sai an nuna an biya shi, kuma kotu tana iya sammacin mai gidajen ko akawunsa ya zo da takardu.

Bayan haka lauya ya rubuta wasiƙar neman biya, da adadi, da lambar asusu, da wa'adin kwana 7 ko 14, a kai ofishinsa a sa hannu a kwafi. Kada a saka barazanar kamu a ciki, kada kuma ka hau Facebook ka kira shi ɓarawo. Ɓata suna ƙara ce mai zaman kanta. Idan ya nemi sulhu, ka karɓa, ko ta hannun shugabannin kasuwarku ko dattijon da yake jin nauyi, ko a cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jiha. Abin da za ka nace a kai shi ne a rubuta jadawalin biya da ranaku, a ce idan ya tsallake biya ɗaya duk sauran ya wajaba nan take, sannan a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Sulhun fatar baki, bayan wata uku za ka dawo inda kake.

Idan sulhu ya ƙi, akwai gajeriyar hanya da kotuna suka tanada domin bashin da adadinsa sananne ne kuma babu hujjar musu: a shigar da ƙara tare da takardar rantsuwa da duk takardunka, idan wanda ake ƙara bai nuna kariya ta gaske ba a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Takardar lissafin nan da cekin da ya dawo su ne makaminta. Lauya zai duba ko adadin ya dace da ƙaramar kotu ko sai Babbar Kotu. Ka ja masa kunne kada ya cika takardar ƙara da kalmar damfara don ta yi zafi, domin sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce wanda ya yi zargin laifi a cikin ƙarar haƙƙi sai ya tabbatar da shi da ma'aunin shari'ar laifi. Ka ɗora wa kanka kayan da ba a ce ka ɗauka ba. Idan ku biyu Musulmi ne kuma da sunansa kuka yi hulɗa, kotun shari'ar Musulunci ma hanya ce, da Hausa za a yi, kuma ba ta cika jan lokaci ba. Idan kamfani ne, za a iya ɓata watanni ana jayayya a kan hurumi. Abu ɗaya da ba za mu ɓoye maka ba: galibi adadin da ake bi kotu ke bayarwa, ba farashin ƙarfe na yau ba, don haka kowane wata da ka ƙara kana jira, kuɗinka ne ke narkewa. Kuɗin lauya kuma a yi shi a rubuce tun farko.

Samun hukunci ba shi ne samun kuɗi ba. Bayan hukunci kotu tana iya umartar bankinsa ya riƙe abin da ke asusunsa ya biya ka. Ana fara ba da umarnin wucin gadi, a isar wa banki da shi aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a tabbatar. Ceki da alat sun riga sun gaya maka bankunansa. Ta wannan hanyar ce kuma za a iya kama kuɗinsa da ya rage a hannun mai gidajen, wanda da farko muka ce ba ka da iko a kansa. Idan asusu ya bushe, sai a koma kan motoci da kayan aiki, ma'aikatan kotu su kama a yi gwanjo.

Saura mai ƙarfe. Duk garkuwar da ta kare Alhaji daga gare ka, ita ce ta kare ka daga gare shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka ɗebi kaya da niyyar biya, ka yi aikin da su, ba a biya ka ba. Amma kada ka jira ya gaji. Ka je shagonsa da ƙafarka, ka nuna masa lissafin Alhaji da wasiƙar lauya, ku rubuta abin da yake bin ka, ka sa masa wani abu a hannu ko dubu ɗari biyu ne, ku tsara biya wata-wata gwargwadon abin da shagonka ke iya fitarwa, ba gwargwadon alkawarin Alhaji ba. Idan cekin miliyan 2 ya wuce, ka kai masa kaso mai tsoka a ranar. Kada ka yi masa ƙarya ko guda don ya ƙara maka kaya, domin nan ne bashinka zai rikiɗe ya zama abin da kake zargin wani da shi. Kada kuma, ko da wasa, ka rubuta masa ceki kana dogaro da kuɗin da ba su shigo ba. Dokar 1977 ba ta san wane ne aka fara zalunta ba. Idan duk da haka 'yan sanda suka gayyace ka, kada ka ɓuya, ka je da lauya da takardunka, ka bayyana cewa cinikin bashi ne. Beli kyauta ne, Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma doka ta hana a kama yaron shagonka ko ɗan'uwanka a madadinka.